Ɗaya, Biyu, Uku, Dangwala

Jama'a, yau zan faɗa muku abin da ko Ummana ban zauna na faɗa mata da bakina ba. Ni mutum ce da in baƙo ya yi sallama sai in nemi bayan ƙofa, kuma a aji huɗu karatuna ya tsaya. Amma maganar ta cika mini ciki, in ban fitar da ita ba za ta kumbura ni.

Babanmu mai walda ne. Yana da wani tsohon gwangwanin biskit mai jan murfi da yake ajiyewa a saman kwaba. A ciki katunan zaɓenmu suke, mu biyar: nasa, na Umma, na Kaka mahaifiyarsa, na Yayana, sai nawa, an ɗaure su da roba. Tun da aka yi mini kati bai taɓa kwana a hannuna ba. Da safe a ba ka, da yamma ka mayar.

A garin da muka taso kowa ɗan Guga ne. Guga shi ne alamar jam'iyyar da ake yi a can, kuma ba a tambayar mutum wa zai zaɓa, kamar yadda ba a tambayarsa ko yana shan ruwa. Ranar zaɓe kuwa ƙafafunka ake kallo ta ƙarƙashin labule. Wanda ya shiga ya fito nan take, namu ne. Wanda ya daɗe, to tunani yake yi, kuma mai tunani ranar zaɓe ba a ƙara ba shi aron tsani a unguwa. Shi ya sa Baba ya ƙirƙiro mana dabara. Tun da yake zaɓe, Guga ne na uku a jikin takarda.

"Kar ki tsaya kallon hotuna," haka yake cewa. "Mai kallon hotuna shi ake ruɗawa. Ɗora yatsa a sama ki gangaro. Ɗaya, biyu, uku, dangwala. Ki fito."

Bara kamfanin da Baba yake wa aiki ya rufe. Wani abokinsa ya samo masa shago a wani gari mai nisa, tafiyar kwana biyu a mota. Muka ɗaure katifu da tukwane, Kaka ta rungume butarta, Baba ya rungume gwangwaninsa, muka taho. Bayan mun zauna ya je ya mayar da rajistarmu nan, don ya ce ba zai wahalar da tsohuwa a hanya duk zaɓe ba.

Ranar da muka shigo garin nan, tun daga tasha Baba ya haɗe rai. Ko'ina Fitila, alamar jam'iyyar da ke hamayya da Guga. A jikin bango Fitila, a bayan motoci Fitila, har mai sayar da lemo a bakin titi laimarsa Fitila ce. Baba ya ce, "Mun faɗo."

Ni ba Fitilar ce ta ba ni mamaki ba, bakin mutanen ne. Na samu aiki a shagon ɗinki da ke bakin layinmu, ina kalmasa da sa maɓalli. Mai shagon, da muke kira Anti, 'yar Fitila ce ta gani kashe ni. Mijinta kuwa wata ƙaramar jam'iyya yake yi mai alamar Agogo. Zai kawo mata abincin rana, su hau musu a gaban masu kawo ɗinki.

"Agogonku da ya tsaya tun ina budurwa!"

"Fitilarku da ba mai!"

Sai su kwashe da dariya, su ci abinci a kwano ɗaya. Ranar farko har na tsorata, na ɗauka saki zai biyo baya. Anti ta ga na zaro ido, ta ce, "Ƙanwata, yatsansa nasa ne, nawa nawa ne. Aure muka yi, ba haɗa yatsu ba."

Baba kuwa bai saduda ba. Ya rataye kalandar Guga a shagonsa, inda kowa zai gani. Kafin wata guda duk layin sun raɗa masa Baban Guga, kuma yana amsawa da ƙarfi. Da zaɓen kansiloli ya matso, mai shayin da ke kusa da shagonsa ya tsokane shi a gaban jama'a.

"Baban Guga, akwatin zaɓen makarantar nan tun da aka kafa shi bai taɓa ganin ƙuri'ar Guga ko ɗaya ba."

"Bana zai ga biyar."

"In biyar suka fito, zan kifa guga a kaina in wuni ina dama shayi."

"In ba su cika biyar ba," in ji Baba, "zan kunna fitila da rana tsaka a ƙofar shagona, kwana bakwai."

Aka tafa, aka yi shaidu. Ku riƙe wannan.

To yanzu in zo kan wanda ya hana ni barci. A bayan shagonmu akwai wurin buga takardu, katin biki da kalanda da fasta. Akwai wani dogon saurayi a wurin, kullum yatsunsa baƙi ƙirin da tawada, shi ya sa Anti take ce masa Mai Tawada. Ya kawo riga a gyara masa aljihu. Na gyara. Bayan kwana uku ya dawo da ita, wai aljihun ya sake yagewa. Na duba, na ga yankan almakashi ne sarai. Na ɗinke na miƙa masa. Da ya dawo karo na uku Anti ta ce, "Malam, rigar nan ta gaji. In magana ce da kai, faɗi, ka bar aljihu ya huta."

Wallahi ƙarƙashin keken ɗinki na so in shige.

Ya karɓi lambata a wurin Anti. Da ya gane ina jinkiri wurin karanta dogon rubutu, bai taɓa nuna ya gane ba, sai kawai ya koma turo saƙon murya. "Barka da aiki, sarauniyar maɓallai. Yau na ga kin sa mayafi ruwan toka, injinmu har ya ƙi tashi don kallo." Ni kuma in amsa da kalma biyu, "Na gode," in goge, in sake rubutawa, in tura, in kifa wayar a cinya.

A hankali bakina ya buɗe. Na ba shi labarin garinmu, da gwangwani, da ɗaya biyu uku dangwala. Ya yi dariya har ya turo mini dariyar kaɗai a saƙo. Shi kuma ya ba ni labarin ajin yamma na manya da wata malama ta buɗe a makarantar unguwa, ita ce ma take takarar kansila a Fitila. Na fara zuwa ranar Litinin da Laraba, da izinin Umma. Mu goma sha tara ne, har da wata tsohuwa da ta fi Kaka shekaru. A nan na fara karanta takardar magani ni kaɗai ba tare da na nemi Yaya ba.

Wata uku muna haka, ya ce zai zo ya gaida Baba. Na goge falo sau biyu, na canza labule, na sa doguwar rigata mai ruwan ganye wadda na ɗinka da kaina, mai ƙananan maɓallai goma sha biyu a gaba. Ya zo da farar riga, ya wanke yatsunsa har sun yi ja, amma tawadar ta ƙi fita daga gefen farce. Ya durƙusa ya gaishe da Baba da ladabi. Hira ta fara kyau, har Baba ya tambaye shi aikin injinsu. Sai Baba ya raka shi waje, ya ga bayan babur ɗinsa. Ga Fitila nan manne, ƙatuwa.

Baba ya dawo ya zauna. Bai ɗaga murya ba, kuma shi ne abin tsoron.

"Ɗan Fitila ne."

Umma ta ce, "Malam, ai duk garin..."

"Duk garin ba su ce suna son 'yata ba. Mutanen nan na san su tun kafin a haife ki. Ba su da amana. Su yi maka dariya da baki, su yanke ka ta baya." Ya juyo gare ni. "Auta, ki yi mini alkawari. Ba ke ba shi, ko a waya."

Ni da ban taɓa ce wa Baba a'a ba, me zan ce? Na ce, "Na yi." Na shiga ɗaki na jiƙa matashi.

Na tura masa saƙo ɗaya na faɗa masa, daga nan na kama bakina. Sati uku saƙonsa yana shigowa, ban buɗe ba. Ina ganin lambar tana hawa a jikin hotonsa: huɗu, tara, goma sha shida. In zan wuce ta bayan shago sai in zagaya ta wani lungu. Anti ta ce na rame har allura ta fi ni ƙiba.

Ana gobe zaɓe, bayan azahar, ina sa maɓalli a rigar wata amarya, sai wayata ta hau kaɗawa a kan tebur ba ƙaƙƙautawa. Kira uku, saƙo biyar. Anti ta leƙa ta ce, "Wannan ba soyayya ba ce, gobara ce. Buɗe."

"Anti, na yi alkawari."

"To ni ban yi ba." Ta ɗauka ta danna.

Muryarsa ta fito, babu wasa a cikinta. "Ki yafe mini, na san an hana ki. Ki saurari wannan kaɗai, ba zan ƙara ba. Yau aka kawo mana samfurin takardar zaɓe mu buga a manna a rumfuna. Tsarin nan ba irin na garinku ba ne, 'yan takara sun fi yawa. Na uku daga sama Fitila ce. Guga na shida ne. In Baba ya sa ku ƙirga uku, mu za ku zaɓa ku biyar. Ki faɗa masa. Ina son mu ci zaɓe, amma ba da kuskuren dattijo ba."

Ga hoton samfurin ya biyo baya. Na buɗa shi da yatsu biyu, na gangaro. Ɗaya, biyu, uku: Fitila tana kallona.

Anti ta faɗa kan kujera tana dariya har da riƙe ciki. "Kai! Yaron nan ya cuce mu! Ƙuri'a biyar kyauta, Allah ya aiko mana har gida, shi kuma ya kore su! Ƙanwata, yi shiru abinki. Wa zai sani?"

Ni ban yi dariya ba. Na hango gobe da yamma, ana ƙirga a gaban jama'a, a ce Guga babu ko ɗaya. Na hango fuskar Baba. Ba zai ce kuskure ba ne, tunda shi ma bai sani ba. Zai ce matarsa da uwarsa da 'ya'yansa sun haɗa baki sun sayar da shi a baƙon gari, har ƙuri'arsa an sace. Mutumin da ya rasa aikinsa, ya bar garinsu, abin da ya rage masa shi ne ya ce gidana biyar ne. In kuma na faɗa, zai tambaye ni a ina na ji. Kuma amsar ita ce na karya alkawari. Daga ranar ko sunan Mai Tawada ba za a ƙara ambata a gidanmu ba.

Na koma gida na sami Umma tana tsane shinkafa. Na raɗa mata komai.

"Umma, ke ki faɗa masa."

"In ce na ji a ina? A mafarki?" Ta goge hannunta a zane. "Ke kika gani, ke za ki faɗa. Shekara ashirin da uku kina ɓuya a bayana, Auta. Bayan nan ya gaji."

Da safe Baba ya fito da babbar rigarsa ta fita, ya sauko da gwangwani, ya jera mu a tsakar gida kamar kullum. Ya zana gidaje a jikin kwali da gawayi. Kaka ta sha farin mayafinta, tana zaune a kujera tana jan carbi. Yaya yana hamma.

"Inna, bismillah."

Kaka ta ɗora yatsa. "Ɗaya, biyu, uku, dangwala. Yaro, kafin ka yi haƙori na iya ƙirga."

Umma ta yi. Yaya ya yi. Aka miƙo mini kwali. Na riƙe shi ban ɗora yatsa ba.

"Auta, muna jira."

"Baba..." Muryata kamar ta sauro. "Ba na uku ba ne a nan. Na shida ne."

Baba ya juyo gare ni.

"Me kika ce?"

Na miƙa masa wayar da hannu biyu. Bai ko kalli hoton ba. "Wa ya turo miki?"

Na sunkuyar da kai.

"Alkawarin ke nan." Ya gyaɗa kai a hankali. "Kun gani? Abin da nake faɗa ke nan. Yana so mu bar na uku mu je mu dangwala wa wani can. Ya bi ta kan yarinya ya shigo mini gida. Makirci ba irin wanda ba su iya ba."

"Baba, ba haka..."

"Rufe mini baki."

Yaya, da ba ya shiga maganar kowa, ya ce, "Baba, ai abin ba na musu ba ne. Ana manna samfuri a bangon rumfa. In mun je sai mu duba. In ƙarya ya yi, ni da kaina zan je in same shi."

Haka muka tafi a jere. Makarantar ta cika. Mata da maza suna ta hira a layi, wasu sun zo da kujerunsu, wani yana cin gyaɗa yana faɗin wanda zai zaɓa da ƙarfi, na bayansa yana ce masa Allah ya shirye ka. Mai shayi ya hango mu ya ɗaga murya, "Ga rundunar Guga nan! A ba su hanya!"

Samfurin yana manne a bangon aji, babba. Baba ya tsaya a gabansa. Ya matsa. Ya ƙara matsawa, har hancinsa ya kusa taɓa takardar. Ya ja baya ya murza ido. A nan ne na gane abin da ban taɓa ganewa ba. Shekara talatin yana kallon wutar walda. Dabarar ƙirga ba don Kaka ya ƙirƙiro ta ba, ba don mu ba. Babana ba ya ganin ƙananan hotuna, kuma ya gwammace ya mutu da ya faɗa.

Yaya ya buɗe baki zai karanta da ƙarfi, na taka masa ƙafa. Na matsa kusa da Baba yadda ba wanda zai lura, na kama yatsansa mai kaushi, duk tabon ƙuna, na ɗora a saman takardar. Muka gangaro tare.

"Ɗaya," na ce a hankali. "Biyu. Uku. Baba, ka ji? Nan an rubuta Fitila, ga hotonta, ga mariƙinta a sama. Huɗu. Biyar. Shida. Ga gugan nan, har da igiyarsa."

"Ke kika karanta?"

"Ni ce, Baba."

Ya bar yatsansa a kan gugan ya daɗe. Sannan ya juya ya kalli iyalinsa, ya gyara murya kamar shi ya gano. "Shida za ku ƙirga. Inna, kin ji? Shida."

"Na ji, ba kurma ba ce ni."

Da layi ya zo kaina, na shiga bayan labule da takardata. Na ɗora yatsa a sama don in ƙirga in fito da sauri, kamar yadda na saba. Sai na tuna ba mai kallon ƙafafuna a garin nan. Na tsaya. Na karanta takardar tun daga sama har ƙasa, suna bayan suna, ni kaɗai, ba Yaya, ba kowa. A gida na uku na ga sunan malamarmu ta ajin yamma, wadda ta riƙe hannuna ranar farko ta ce ba a tsufa da karatu.

Jama'a, ga abin da na ce zan faɗa muku. Ba don Mai Tawada na yi ba, Allah ne shaidata, a lokacin ko tuna shi ban yi ba. Na tuna mu goma sha tara ne a ajin nan, kuma na ji ana cewa in ba ta ci ba za a karɓe ɗakin. Na dangwala a na uku. Na ninke takardar, na jefa, na fito ina waige-waige kamar na yi sata.

Bayan la'asar aka zazzage akwatin a kan tebur a gaban kowa. Ana ɗaga takarda ana faɗa, jama'a suna amsawa. Fitila, Fitila, Agogo, Fitila. Mijin Anti yana tsalle duk lokacin da aka ce Agogo. Can sai aka ce, "Guga!" Wurin ya ɗauki sowa. Baba ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Biyu. Uku. Huɗu. Mai shayi ya fara shafa kansa yana cewa a nemo masa guga mai sauƙin nauyi.

Takardu suka ƙare. Huɗu.

Baba bai sauke hannunsa ba. Ya juyo a hankali yana bin fuskokinmu, Umma, Yaya, sannan ni. Na buɗe baki ban san me zai fito ba.

Sai Kaka ta buga sandarta a ƙasa. "To ku daina kallon-kallo! Ni ce. Shekara nawa ina ƙirga uku, yau da safe a ce mini shida? Hannu ya riga ya saba. Sai da na jefa na tuna."

Wurin ya fashe da dariya. Mai shayi ya zo ya durƙusa a gabanta yana cewa, "Hajiya Kaka, shayinki kyauta ne har abada, kin cece ni daga guga!" Baba ya riƙe haɓa, ya kalli mahaifiyarsa. Wa zai yi wa uwarsa faɗa a gaban jama'a? Daga ƙarshe shi ma murmushi ya ƙwace masa. Mutane suka yi ta zuwa suna ba shi hannu, wai huɗu ma tarihi ne, akwatin bai taɓa gani ba.

A hanyar gida ina riƙe da hannun Kaka, mun rage a baya. Ta matse mini yatsu, ba ta ko kalle ni ba.

"Shida na ƙirga, 'yar nema. Sarai. Ki sayo mini man zafi mu rufe maganar."

Washegari da hantsi Umma ta aike ni in kai wa Baba ruwan sanyi a shago. Na tarar da layin ya cika, ana jiran cika alkawari. Baba ya fito yana cewa shi ba ya da fitila a gidansa, kuma ba zai sayi alamar abokan hamayya da kuɗinsa ba. Sai ga Mai Tawada ya ratso jama'a, riƙe da wata tsohuwar fitilar ƙwai, an goge gilashinta tas. Ya durƙusa ya ajiye a gaban Baba.

"Aro ce, Baba. Ta kakata ce."

Na maƙale a bayan ƙofar shago, da kofin ruwan a hannuna.

Baba ya dube shi tun daga sama har ƙasa. "Kai ka turo saƙon."

"Ni ne. A yafe mini, na san an hana."

"Da ka yi shiru, da kun samu biyar."

"Da mun samu, Baba. Amma da ban iya haɗa ido da kai ba."

"Mutanenku sun san ka yi haka?"

"Tun jiya suke zagina. Mai gidana ya ce in koma Guga a ba ni muƙami."

Baba ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya ɗauko abin kunna wutar waldarsa, ya kunna fitilar da kansa, ya rataye ta a ƙofar shago, rana tana tsakiyar ka. Jama'a suka yi ta tafi. Ya jawo benci da ƙafa.

"Zauna. Fitilarku har yanzu ba ta da mai, kar ka ɗauka na canza."

"Ban ɗauka ba, Baba."

"Kwana bakwai za ta yi a nan. Rana ta takwas ka zo ka ɗauki abarka. Kar ka zo kai kaɗai, ka zo da manyanka."

Ban san lokacin da kofin ya zube mini a ƙafa ba.

Da yamma Baba ya dawo, ya sauko da gwangwani don a mayar da katuna, tunda hayaniyar ranar zaɓe ta mantar da shi. Umma ta sa nata, Yaya ya sa, Kaka ta jefa nata tana mita. Na miƙa nawa. Bai karɓa ba. Ya bari sai da kowa ya watse.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Idona ba ya ganin ƙananan hotuna. Amma yana ganin ƙafafu." Ya ɗaure katuna huɗu da roba. "Kin daɗe a bayan labulen nan."

Hawaye suka cika mini ido. "Baba, ka ya..."

"Ban tambaye ki ba. Kuma kar ki faɗa mini, kar ki sa uwata ta zama maƙaryaciya." Ya rufe jan murfin ya danna shi da tafin hannu. "Wadda ta iya karanta takarda tun daga sama har ƙasa ta iya ajiye katinta. Riƙe abinki."

Daren jiya katina ya kwana a ƙarƙashin matashina, karo na farko da ya zama nawa. Da asuba na ciro shi na karanta sunana sau uku.

Ina cikin haka wayata ta kaɗa. Wannan karon ban jira Anti ba, na danna da kaina.

"Sarauniyar maɓallai, ki shirya. Mamana ta ce ba za ta iya jiran kwana takwas ba, yau za ta kawo ɗinki shagonku ta ga 'yar Guga da idonta. Af, na manta ban faɗa miki ba. Ita ce shugabar matan Fitila ta unguwar nan."

Na kalli rigata mai ruwan ganye a rataye. Maɓalli ɗaya ya cire, na hau laluben allura da zare.